Filin Tambaya da Amsa: Harajin mai albashi da harajin mai jari

A wannan fitowa mun zaɓo wasiƙu uku daga cikin waɗanda suka iso mana, domin duk a kan batu ɗaya suke. Mun taƙaita su, mun kuma sakaya sunayen waɗanda suka aiko su.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ma'aikaci ne, shekarata 14 ina karɓar albashi, kuma ban taɓa riƙe albashina cikakke ba, domin ana cire haraji tun kafin kuɗin su shiga asusuna. Kwanan nan na ji an ce akwai manyan kamfanoni da hamshaƙan attajirai masu cin ribar biliyoyi, amma harajin da suke biya bai taka kara ya karya ba, kuma wai ba su saɓa doka ba. Ta yaya hakan ke yiwuwa? Dokar ce iri biyu, ko kuwa akwai wata dabara da aka ɓoye mana?

AMSA: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Abin da ka ji gaskiya ne, kuma ba a ɓoye yake ba, a rubuce yake cikin dokokin haraji na ƙasashe da dama, sai dai mai albashi ba shi da dalilin buɗe waɗannan shafuka, tunda ba shi suka shafa ba. Kafin mu shiga ciki, ya kamata mu raba abubuwa biyu da ake yawan cakuɗawa. Akwai zambar haraji, wato mutum ya ɓoye abin da ya samu, ko ya yi ƙarya a takardun da ya miƙa wa hukuma, wannan laifi ne da ake ci wa mutum tara ko a ɗaure shi a kansa. Akwai kuma kauce wa haraji, wato mutum ya bayyana komai, amma ya tsara harkokinsa ta yadda abin da doka za ta nema a wurinsa zai ragu ƙwarai. Na biyun nan ne ka tambaya a kai, kuma shi ya fi wuyar magani, domin mai yin sa yana iya shiga kotu da takardunsa a hannu ya fito da gaskiya.

Ka ɗauko takardar albashinka ta watan jiya ka duba. A sama za ka ga jimillar abin da ka yi wa aiki, a ƙasa da shi layin haraji, sai layin fansho, sannan a can ƙarshe abin da ya rage maka. Ba a tambaye ka ranar da kake so a cire ba, ba a tambaye ka ƙasar da kake so a lissafa kuɗin a cikinta ba, ba a kuma tambaye ka sunan da kake so a kira su da shi ba. Albashi ne, na wannan wata ne, a wannan ƙasa aka yi aikin, magana ta ƙare. Wannan tsari na cire haraji daga tushe ba daɗaɗɗe ba ne kamar yadda ake zato. Amurka ta kafa shi a 1943, Birtaniya ta bi sahu a 1944, duka biyun a tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da gwamnatoci ke neman kuɗi cikin gaggawa, kuma ma'aikata miliyoyi suka shiga sahun masu biyan haraji a karon farko. Tsarin ya yi tasiri matuƙa. Hukumar tara haraji ta Amurka ta ƙiyasta cewa abin da ke ɓacewa daga harajin albashi, inda ake cirewa daga tushe kuma mai ba da aiki ke kai rahoto, bai wuce kashi 1 cikin ɗari ba, alhali a kuɗin shigar da babu mai kai rahoto a kansu abin yana kaiwa wajen kashi 55. Wannan bai nuna cewa ma'aikaci ya fi kowa tsoron Allah ba, ya nuna cewa shi ne wanda ake gani ƙarara.

To, abubuwan nan uku da aka hana ka zaɓa, wato lokaci da wuri da suna, su ne ainihin abin da mai jari ke da iko a kansu, kuma kusan duk wata dabarar kauce wa haraji daga ɗayansu take fitowa.

Mu fara da lokaci, domin a nan attajiri ɗaya tilo ya fi cin moriya. A yawancin ƙasashe ba a karɓar haraji a kan ƙaruwar darajar kadara sai ranar da aka sayar da ita. Ɗauki misalin mutumin da ya kafa kamfani, hannun jarinsa ya tashi daga dala miliyan 1 zuwa dala miliyan 100 cikin shekara 20. Dukiyarsa ta ƙaru da miliyan 99, amma a idon doka bai samu ko sisi ba muddin bai sayar ba. Idan yana bukatar kuɗin gida da mota da karatun 'ya'ya, ba sai ya sayar ba, sai ya je banki ya jinginar da hannun jarin ya karɓi rancen miliyan 5 da kuɗin ruwa kaɗan, kuma rance ba kuɗin shiga ba ne, don haka babu haraji a kansa. A Amurka akwai ƙarin wani abu: ranar da ya rasu, doka tana ɗaukar darajar kadarar ta ranar rasuwar a matsayin farashin da magada suka same ta, saboda haka ribar nan ta miliyan 99 ta fita daga lissafin harajin riba har abada. Gaskiya ne akwai harajin gado, amma sai dukiya ta haura dala miliyan 13 da wani abu, bisa ma'aunin 2024, kafin ya taɓa ta, kuma akwai asusun amana iri-iri da lauyoyi ke ƙullawa domin rage shi. Masana haraji a can suna taƙaita wannan hanya da kalmomi uku: saya, ranta, mutu.

Ba ƙage ba ne. A watan Yunin 2021 kafar binciken ProPublica ta wallafa bayanan haraji na attajirai 25 mafiya dukiya a Amurka, inda ta nuna cewa tsakanin 2014 da 2018 dukiyarsu ta ƙaru da dala biliyan 401, harajin kuɗin shiga na tarayya da suka biya kuma biliyan 13.6, wato kashi 3.4 cikin ɗari na ƙaruwar. Ta nuna cewa Jeff Bezos bai biya wannan haraji ba a 2007 da 2011, Elon Musk ma bai biya ba a 2018. Masu sukar rahoton sun ce an auna haraji da abin da doka ba ta ɗauka kuɗin shiga ba, kuma sun yi gaskiya, sai dai gaskiyar tasu ita ce ainihin ƙorafin naka: abin da ke ƙara wa ma'aikaci arziki doka ta kira shi kuɗin shiga ta cire nata nan take, abin da ke ƙara wa attajiri arziki kuma ta ce a jira.

Sai suna. Ko da attajirin ya sayar, kuɗin nasa ba su da suna ɗaya da naka. A Amurka ƙololuwar harajin albashi kashi 37 ne, ƙololuwar harajin ribar kadarar da aka daɗe da riƙewa kuma kashi 20, da ƙarin kashi 3.8 a kan masu babban samu. Bayan haka akwai kuɗin tsaron zamantakewa na kashi 6.2 da ake cire wa ma'aikaci, wanda ke tsayawa idan albashi ya kai wani mataki, dala 168,600 a 2024, kuma ba ya taɓa ribar jari ko kaɗan. Shi ya sa Warren Buffett, wanda yana cikin manyan attajiran duniya, ya rubuta a jaridar New York Times a watan Agustan 2011 cewa harajin da ya biya kashi 17.4 ne na kuɗin shigarsa, alhali ma'aikata 20 da ke ofishinsa suna biyan tsakanin kashi 33 da 41. Da bakinsa ya faɗa, kuma ya nemi a gyara.

Wuri kuwa fagen manyan kamfanoni ne, kuma a nan nake so in ɗan daɗe. Kamfanin da ke aiki a ƙasashe 50 a idonmu abu ɗaya ne, amma a idon doka rassa ne barkatai, kowanne da rajistarsa da littafin lissafinsa, kuma suna ciniki da junansu. Tunda mai saye da mai sayarwa duk na mutum ɗaya ne, shi ke yanke farashi. Ga misali mai sauƙi. An ƙera na'ura a kan dala 40 a wata ƙasa, za a sayar da ita dala 100 a wata. Maimakon reshen da ya ƙera ya aika wa reshen da zai sayar kai tsaye, sai a takarda ya sayar wa wani reshe na uku, wanda ke zaune a ƙasar da ba ta karɓar harajin kamfanoni, a kan dala 45. Reshen na uku ya sayar wa na kasuwa a kan dala 95. Na'urar ba ta taɓa sauka a ƙasar ta uku ba, jirgi ya wuce da ita kai tsaye, amma daga ribar dala 60, dala 50 sun faɗa inda babu haraji, ƙasar da aka yi gumin ƙira da ƙasar da aka samu mai saye sun raba dala 10. Doka ta ce dole farashin da rassa ke yi wa juna ya yi daidai da wanda baƙi biyu za su yi, kuma a kan kaya irin su ƙarfe ko man fetur ana iya dubawa a kasuwa. Amma nawa ne farashin amfani da tambarin kamfani, ko manhajar da babu irinta a duniya? Babu kasuwar da za a je a tambaya. Don haka sai a ajiye haƙƙin mallakar tambarin ko manhajar a reshen da ke mafakar haraji, wato ƙasar da ba ta karɓar haraji ko take karɓar ɗan kaɗan, sauran rassan su riƙa biyan sa kuɗin lasisi, ribarsu ta zagwanye. Haka ake yi da bashi: reshe ya ranta wa ɗan'uwansa, kuɗin ruwan ya fita a matsayin ɗawainiyar da ake cirewa kafin a lissafa riba.

A 2012 kamfanin dillancin labarai na Reuters ya bayyana cewa Starbucks, kamfanin shagunan sayar da kofi, ya yi cinikin sama da fam biliyan 3 a Birtaniya cikin shekara 14, amma harajin kamfani da ya biya fam miliyan 8.6 ne kacal, domin reshen na Birtaniya yana biyan kuɗin tambari ga reshen Holan, yana sayen kayansa ta hannun reshen Suwizalan, yana kuma biyan kuɗin ruwa a kan bashin cikin gida. Google ya tura yuro biliyan 19.9 ta wani kamfani na takarda a Holan zuwa Bamuda a shekarar 2017 kaɗai, ta hanyar da ta ratsa Ailan, a lokacin da Bamuda ba ta karɓar harajin ribar kamfanoni. A 2007 Vodafone ya sayi babban kamfanin waya na Indiya a kan kimanin dala biliyan 11, amma abin da ya saya a takarda wani kamfani ne mai rajista a tsibiran Kayman, kuma a 2012 Kotun Ƙolin Indiya ta ce ƙasar ba ta da hurumin karɓar haraji a kan cinikin. A tsibiran na Kayman akwai wani gini guda, Ugland House, wanda binciken gwamnatin Amurka na 2008 ya samu kamfanoni sama da 18,000 suna amfani da adireshinsa.

Shari'ar Apple ce ta fi fito da abin fili. A watan Agustan 2016 Hukumar Tarayyar Turai ta gano cewa ribar cinikin kamfanin a Turai ana rubuta ta ne a Ailan, sannan a jingina mafi yawanta ga wani babban ofishi wanda ba shi da ma'aikaci ko ɗaya, ba shi da gini, ba ya kuma cikin kowace ƙasa ta fuskar haraji. Harajin da reshen Apple na Ailan ya biya a zahiri ya sauko daga kashi 1 cikin ɗari a 2003 zuwa kashi 0.005 a 2014, wato yuro 50 a kan kowace ribar yuro miliyan 1. Hukumar ta umarci Ailan ta karɓo yuro biliyan 13. Abin lura shi ne gwamnatin Ailan da kanta ta ɗaukaka ƙara domin kada ta karɓi kuɗin, saboda tana tsoron kamfanoni su guje ta. Wata kotu ta soke umarnin a 2020, sai a watan Satumban 2024 babbar kotun Tarayyar Turai ta tabbatar da shi. Shekara 8 ke nan ana shari'a, da lauyoyin da ba kowace ƙasa ke iya ɗaukar nauyin irinsu ba.

Saboda haka, ɗan'uwa, dokar ɗaya ce a takarda, amma ƙofofin da ke cikinta sai mai jari da rassa da lauyoyi ke iya kai wa gare su. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma yawancin tsagar da ke wannan bango da saninta aka gina shi.

TAMBAYA: Malam, ni akanta ce, kuma ina ganin ana yi wa masu jari rashin adalci a wannan muhawara. Ba wanda aka wajabta wa biyan fiye da abin da doka ta ce. Masu kuɗi su ne ke biyan mafi yawan haraji, kamfanoni kuma su ke samar da aikin da mai albashin ke ci. Idan an matsa musu za su kwashe jarinsu su tafi. Ina laifinsu?

AMSA: Malama, na gode da wannan wasiƙa, domin akwai gaskiya a cikinta wadda bai kamata a tsallake ba. Ƙa'idar da kika kawo tsohuwa ce a shari'a. A tsakiyar shekarun 1930 kotun ƙoli ta Birtaniya ta yi hukunci a ƙarar wani basarake, Duke na Westminster, wanda ya daina biyan mai kula da lambunsa albashi, ya koma biyan sa ta wata yarjejeniyar alkawari da ke ba shi damar cire kuɗin daga abin da za a lissafa masa haraji. Kotun ta ba shi gaskiya, ta ce kowa na da 'yancin tsara harkokinsa domin harajinsa ya ragu. Ni ma na yarda cewa wanda ya zuba kuɗi a asusun fansho, ko kamfanin da ya cire kuɗin injinan da ya saya ko na binciken da ya gudanar, ya yi abin da majalisa ta yi nufin ya yi. Haka kuma gaskiya ne cewa a Amurka kashi 1 cikin ɗari na masu samu mafi yawa suna biyan wajen kashi 40 na harajin kuɗin shiga na tarayya.

Amma ina roƙon ki duba abubuwa biyu. Da yawa daga cikin mutanen da ke cikin kashi ɗayan nan likitoci ne da lauyoyi da manyan manajoji, wato masu albashi ne su ma, kuma ana cire musu daga tushe kamar kowa. Matsalar tana can sama da su, inda dukiya ke ƙaruwa ba tare da ta taɓa zama albashi ba. Sannan adadin ya shafi haraji iri ɗaya ne kawai. Idan aka haɗa da harajin da ake ɗorawa a kan kayan saye, lissafin yana sauyawa, domin mai ƙaramin samu yana kashe kusan duk abin da ya samu, don haka kusan duk kuɗinsa na ratsawa ta wannan haraji, attajiri kuwa ɗan kaɗan yake kashewa daga nasa.

Kotunan Birtaniya da kansu ba su tsaya inda basaraken ya bar su ba. A 1981, a ƙarar wani kamfani mai suna Ramsay, sun yanke cewa idan aka jera matakai waɗanda ba su da wata manufa ta kasuwanci sai rage haraji, to kotu za ta dubi abin da ya faru a zahiri daga farko zuwa ƙarshe, ba kowane mataki shi kaɗai ba. A 2013 ƙasar ta kafa doka ta gaba ɗaya a kan irin waɗannan tsare-tsare. Ke da kike cikin sana'ar kin fi ni sanin cewa akwai tazara mai nisa tsakanin amfani da rangwamen da aka tanada da ƙirƙiro ofishin da babu kowa a cikinsa.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake amfani da kalmar "bisa doka" kamar ita ce ƙarshen magana, alhali doka mutane ne ke rubuta ta, kuma ba kowa ke zaune a ɗakin da ake rubutun ba. A Amurka manajojin manyan asusun zuba jari suna karɓar kasonsu na riba a matsayin ladan aikin da suka yi, amma doka ta yarda a lissafa shi a matsayin ribar jari mai sauƙin haraji. Shugabanni daga jam'iyyun ƙasar biyu sun sha alkawarin toshe wannan kafa. A 2022 an sa gyaran a cikin wani babban ƙuduri, aka cire shi a kwanakin ƙarshe domin a samu ƙuri'ar Sanata Kyrsten Sinema. A ɗaya ɓangaren, dokar 2017 da ta sauke harajin kamfanoni daga kashi 35 zuwa 21 ita ce ta dakatar da damar da ma'aikaci ke da ita ta cire kuɗin da ya kashe daga aljihunsa a kan aikinsa. Wanda ke da masu yi masa kamun ƙafa a majalisa, kuma daga baya ya ce shi dai doka ya bi, ya faɗi rabin labari ne.

Batun gudun jari kuwa yana da tushe, kuma shi ya sa ƙasashe suka shiga rige-rigen sauke haraji, har matsakaicin harajin kamfanoni a duniya ya sauko daga kimanin kashi 40 a 1980 zuwa ƙasa da kashi 25 a yau. Sai dai abin da ya fi gudu ba masana'antu ba ne, ribar takarda ce. Binciken masanin tattalin arziki Gabriel Zucman da abokan aikinsa ya ƙiyasta cewa kusan kashi 40 na ribar da kamfanonin ƙasa da ƙasa ke samu a wajen ƙasashensu ana karkatar da ita zuwa mafakar haraji kowace shekara, alhali masana'antun da ma'aikatan da masu sayen suna nan inda suke. Ƙungiyar OECD ta ƙasashe masu ƙarfin tattalin arziki, wadda ba a san ta da zafin kai a kan kamfanoni ba, ta ƙiyasta a 2015 cewa gwamnatoci na asarar tsakanin dala biliyan 100 zuwa 240 a shekara. Ƙasashe masu tasowa sun fi jin jiki, domin sun fi dogaro da harajin kamfanoni, kuma ba su da isassun jami'an da za su bi diddigin farashin da rassa ke yi wa juna. Kamfanin yana bin titin da aka gina, yana ɗaukar ma'aikatan da makarantun gwamnati suka koyar, yana kai ƙara kotun da ake biyan alƙalanta daga baitulmali. Idan bai biya nasa kason ba, giɓin ba ya ɓacewa, ana cike shi da ƙarin haraji a kan albashi da kayan saye, ko da bashi, ko da asibitin da babu magani. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Akwai kuma wanda ake mantawa da shi, wato ɗan kasuwa mai kamfani ɗaya a ƙasa ɗaya, wanda ke biyan cikakken haraji yana gasa da katon da ba ya biya. Ina jin da yawa daga cikin waɗanda kike yi wa lissafi irinsa ne.

TAMBAYA: Malam, tunda manya na zillewa, ni da nake ɗan wani aiki a gefe bayan albashina, laifi ne idan ban bayyana shi ba? Kuma akwai wani abin da ake yi domin gyara, ko haka za a ci gaba?

AMSA: Ɗan'uwa, laifi ne, kuma ina roƙon ka kada ka yi. Ɓoye kuɗin shiga shi ne zambar da muka bambance tun a farko, kuma kai ba ka da lauyoyin da za su yi maka shari'ar shekara 8, tara da kuɗin ruwanta a kanka kaɗai za su sauka. Abin da ya halatta gare ka shi ne ka nemi sanin rangwamen da dokar ƙasarka ta tanadar wa mai albashi, wanda a ƙasashe da yawa ya haɗa da kuɗin fansho da inshorar rai ko ta lafiya da ɗawainiyar iyali, ka tabbatar ofishin da ke biyan ka albashi ya sa su a lissafi, ka kuma tabbatar abin da aka cire maka ya isa hannun hukuma da sunanka. A aikin naka na gefe, ka adana rasiɗin duk abin da ka kashe a kansa, domin a kan riba ake biyan haraji ba a kan jimillar ciniki ba. Mutane da yawa suna biyan fiye da abin da ke kansu saboda ba su taɓa tambaya ba.

Game da gyara, an yi motsi, kuma yawancinsa bayan tonon silili ne. Takardun sirrin da aka fallasa, wato Takardun Luksambag na 2014, da Takardun Panama na 2016 masu ɗauke da takardu miliyan 11.5, da waɗanda suka biyo baya a 2017 da 2021, sun sa abin ya fita daga ofisoshin akantoci ya shiga bakin jama'a. Starbucks ya yi alkawarin biyan fam miliyan 20 cikin shekara biyu bayan masu saye sun fara ƙaurace masa. Ailan ta rufe hanyar da Google ya bi, ga sababbin kamfanoni daga 2015, ga tsofaffi kuma a ƙarshen 2020. Sama da ƙasashe 100 suna musayar bayanan asusun banki na baƙi kai tsaye, abin da ya soma a 2017. Birtaniya ta soke, daga watan Afrilun 2025, tsohon tsarin da ke barin attajirin da ke zaune a ƙasar ya ƙi biyan haraji a kan abin da ya samu a waje.

Mataki mafi girma shi ne na watan Oktoban 2021, lokacin da ƙasashe 136 suka amince cewa duk kamfanin da cinikinsa ya kai yuro miliyan 750 a shekara zai biya aƙalla kashi 15 a duk inda ya rubuta ribarsa, idan kuma mafakar ba ta karɓa ba wata ƙasa ta karɓi cikon. Tarayyar Turai ta fara aiwatar da shi a 2024, har Bamuda ta kafa harajin kashi 15 daga 2025. A ganina kashi 15 ya yi kaɗan, domin ya gaza abin da ma'aikata da yawa ke biya, kuma a watan Janairun 2025 gwamnatin Donald Trump ta ayyana cewa yarjejeniyar ba ta da ƙarfi a Amurka. Ƙasashe masu tasowa sun yi ƙorafin cewa an tsara ta ne a zauren masu arziki, shi ya sa ƙasashen Afirka suka kai ƙuduri Majalisar Ɗinkin Duniya a watan Nuwamban 2023 domin a koma tattauna dokokin haraji a can, ƙasashe 125 suka goyi baya, 48 suka ƙi. A kan attajirai ɗaiɗaiku kuwa, a 2024 Brazil ta gabatar wa ƙungiyar G20 ta manyan ƙasashe masu ƙarfin tattalin arziki shawarar Zucman ta karɓar aƙalla kashi 2 cikin ɗari na dukiyar masu biliyoyin dala, mutum kimanin 3,000, wanda ya ƙiyasta zai tara dala biliyan 200 zuwa 250 a shekara. Shugabannin sun amince su haɗa kai a kan batun, amma ba su tsayar da adadi ba.

Idan kana so ka sa hannu, ka fara da abin da ke kusa da kai. Duk shekara gwamnati na yafe wa wasu kamfanoni haraji da sunan jawo jari, kuma tana ƙulla yarjejeniyoyin haraji da wasu ƙasashe waɗanda majalisa ke amincewa da su ba tare da kowa ya karanta ba. Ka tambayi ɗan majalisarka, kai da ƙungiyar ƙwadagonka, nawa aka yafe bara, wa aka yafe wa, kuma ayyuka nawa aka samu a madadin haka. Senegal da Zambiya sun soke yarjejeniyarsu ta haraji da Moris, tsibirin da kamfanoni ke bi ta cikinsa domin rage haraji, a 2020 bayan sun zauna sun yi irin wannan lissafi.